Tukunyar Baba

Alhamis, 3 ga Nuwamba, 1994, da yamma

Yau ma a jirgin ruwan ƙanena Lamar Baba ya fita. Ina tsaye a kwata inda ake ɗaure jirage, ina cire kifi daga taru, hannuna duk tsaga, suka zo suka wuce ni a cikin farin jirgin nan mai ƙyalli. Baba na zaune a kujera mai laushi, an kifa masa hular rana irin ta baƙi. Lamar ya ɗago min hannu ya ce, "Yaya Verna, sannu da aiki!" Na yi kamar ƙaya ce ta soke ni, na sunkuyar da kai.

Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana cewa mai kama kifi don nishaɗi ba shi da aikin yi, shi ne yau ake yawo da shi a jirgin 'yan fatsa. Bara ƙanen nawa ya sayar da tarunsa, ya koma ɗaukar masu kuɗin Tampa da Orlando yana kai su su jefa ƙugiya, su kama kifi ɗaya, su ɗauki hoto da shi, su mayar da shi ruwa. Irinsu ne suka yi ta tara sa hannu har aka saka mu a takardar zaɓe. Talata mai zuwa duk jihar Florida za ta kaɗa ƙuri'a a kan gyare-gyaren tsarin mulki, gyara na uku kuwa mu ne: a hana taru a ruwan jiha. Wanda bai taɓa jin ƙarnin kifi a hannunsa ba, shi zai yanke hukunci ko zan ci abinci baɗi.

Amma ba zaɓen ne ya hana ni cin abinci yau ba. Tukunya ce.

Tun ina 'yar shekara tara nake jin ana zancen Tukunyar Kyaftin Alton, wato Baba, wani ɓoyayyen rami a ruwa inda kifi ke taruwa. In iskar arewa ta taso a kakar ƙwai, kowa ya bazama neman garken kifin malet, sai Baba ya sulale shi kaɗai ba fitila, ya dawo ta wata hanya dabam jirginsa na neman nutsewa don kifi. An bi shi a ɓoye, an saya masa giya, an yi masa daɗin baki, bai taɓa faɗa ba. Irin wannan wuri ba a faɗarsa da baki, ba a zana shi a takarda. Ran da mai shi ya ga ƙarfinsa ya ƙare, sai ya ɗauki mutum ɗaya tak a jirgi, ya kai shi, ya ce ga shi. Haka kakana ya yi wa Baba. 'Ya'yan Baba mu biyu ne, ni kaɗai kuma na rage ina jan taru. To me suke nema a ruwa kullum da sassafe, shi da wanda ba ya ja?

Asabar, 5 ga Nuwamba, da rana

Odell ya gano ni. Ɗan goggona ne, shi ke taya ni jan taru shekara da shekaru, bakinsa kuwa ba linzami. Muna zaune muna gyaran raga ya ce, "'Yar Kyaftin, wannan ƙullin da kike ja haka, wuyan wa kike gani a ciki?"

Na ce, "Naka."

"A'a, ni ba ni da farin jirgi. Ke dai ki bi a hankali, hassada ga mai rabo taki ce."

"Wa ya ce maka hassada nake? Me Lamar ke da shi da zan yi wa hassada?"

"Yana da tsohon nan a kujerarsa kullum da safe."

Na jefe shi da kan kifi. Ya kauce, kwasa-kwasa ta cafe.

A nan dai tunda ba mai gani sai in faɗa. Kishi nake yi, kishi mai zafi kamar gishiri a tsagar hannu. Ni ke dafa wa Baba tsakin masara da asuba tun rasuwar Mama. Ni ke yanke masa farce, ni ke wanke masa kaya. Shekarar da injinsa ya mutu a bakin teku cikin hadari, ni na fita na jawo shi, Lamar yana can wurin bikin wani abokinsa. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Da safen nan Baba ya zuba gishiri a kofinsa ya shanye, ko yamutsa fuska bai yi ba. Hankalinsa duk yana waje, yana sauraren ƙarar motar ɗansa.

Lahadi, 6 ga Nuwamba, bayan coci

Lamar ya kawo masa kek na kanti. Baba ya ce bai taɓa cin abu mai daɗinsa ba, ya kuma faɗa, ya sake faɗa. Kifin da na yi wa banda yana gabansa a faranti har ya huce.

Talata, 8 ga Nuwamba, da hantsi

Tun jiya na goge masa farar rigarsa, na ce tare za mu je mu kaɗa ƙuri'a. Kafin in fito daga wanka Lamar ya zo ya ɗauke shi.

A ofishin 'yan kwana-kwana aka yi zaɓen. Mu masunta duk mun zo da fararen takalmanmu na roba, muka yi layi shiru kamar masu jiran a fito da gawa. A gabana akwai wata mata daga sababbin gidajen bakin gaɓa, sai ƙamshin turare take. Ta juyo ta yi min murmushi ta ce, "Ai don jikokinmu muke yi, a bar musu kifi a ruwa." Na ce, "Su jikokin naki hoto za su ci?" Ta juya, ba ta sake kallona ba.

Takardar doguwa ce kamar zanen gado. Ga maganar gidan caca, ga ta haraji, ga ta ranar zaman majalisa, ga mu an cusa a tsakiya.

Da na fito na tarar da su a jikin mota. Lamar yana gyara wa Baba maɓallin riga, rigar da ni na goge. Na ce, "Me ka zaɓa a na uku?"

Ya ce, "Haba Yaya, ni ma da kuɗin taru aka raine ni."

"Wannan ba amsa ba ce."

"Ita ce dai gare ni."

Baba yana ta kallon layin mutane, kamar yana neman wani a ciki.

Laraba, 9 ga Nuwamba, da safe

Ta faru ta ƙare, an yi wa mai dami ɗaya sata.

Laraba dai, da yamma

Sama da kashi saba'in cikin ɗari sun ce a hana. Sun amince da sauran gyare-gyaren, sun ƙi gidan caca. Mu da 'yan caca aka kayar rana ɗaya. Daga ɗaya ga Yuli tarun da na ɗinka da hannuna zai zama kayan laifi.

A kwata yau ba wanda ya fita. Wasu na zagi, wasu na shan giya tun da rana tsaka, wani ya tafi ya zauna a cikin jirginsa bai kwance igiya ba. Ni kuwa abu ɗaya ke yi min yawo a kai. Kakar ƙwai ɗaya ta rage min a duniya, wannan da muke ciki. In Baba bai kai ni Tukunya kafin Kirsimeti ba, ko ya kai ni daga baya kallo kawai zan yi. Ita kuwa fatsa ba wanda ya hana ta. In Lamar aka ba, zai yi ta kai baƙinsa can har ya tsufa, su tsaya a kan wurin da kakana ya ɓoye suna shafa man rana a hanci.

Muna cin abinci Baba ya ce, "Verna, yaushe ne zaɓen nan? Ki tuna ki goge min farar rigata." Na bar shi a kan baƙar magana ce. Baba bai taɓa iya wasa ba, amma daga jiya zuwa yau kowa ya koyi sabon hali.

Juma'a, 11 ga Nuwamba, da yamma

An turo mana wani mutum daga ofishin jiha, ya tara mu a gidan sayar da kifi, wai za a koya mana kiwon kawa, naman ruwan nan mai ɓawo, a cikin buhu. Odell ya ɗaga hannu kamar ɗan makaranta ya ce, "Ranka ya daɗe, gashina ya yi fari ina bin kifi a guje. Yanzu so kake in zauna ina gadin abin da ko motsi ba ya yi?" Aka yi dariya, irin wadda daga ita sai kuka.

Lamar ya tare ni a bakin ƙofa. Wai yana tunanin ƙaro jirgi na biyu, in riƙe masa. Na ce, "In riƙa sa wa likitan haƙori jatan lande a ƙugiya, in ya kamo ɗan tsito in tafa masa?" Ya ce taimako yake nufi. Na san taimako yake nufi, shi ne ma ya fi ƙona min rai. Komai na Lamar a sauƙaƙe yake zuwa, har kirkinsa.

Litinin, 14 ga Nuwamba, bayan abincin dare

Na cire kunya na tambaya. Na ce, "Baba, iskar arewa na tafe. Ko za ka bi ni gobe?" Ya daɗe yana kallon bango, sannan ya ce, "Bari in gama da Lamar tukuna."

In gama da Lamar. Na wanke kwano ɗaya har ya kusa hujewa.

Laraba, 16 ga Nuwamba, da yamma

Na ce wa Odell ya huta gobe, ba zan fita ba. Na cika tanki da mai.

Alhamis, 17 ga Nuwamba, da yamma

Ba zan rubuta ba.

Juma'a, 18 ga Nuwamba, da rana

Tarun ya yage sosai, igiyar dalma ta ƙasansa ma ta tsinke. Tun safe nake ɗinki ni kaɗai. Mutane na wucewa ta kwata, kowa sai ya sami abin kallo a wani gefen.

Baba yana gidan Lamar. An ce zazzaɓi ne da tari. Na dafa tsakin masara na mutum biyu kafin in tuna.

Asabar, 19 ga Nuwamba, da yamma

Odell ya zo ya tsaya a kaina. Yau ba wasa a bakinsa.

Ya ce, "Kin san abin da kika yi?"

Na ce, "Na zuba taru a ruwan Allah."

"Kin zuba shi kin zagaye jirgin da mutane ke ciki. Ko baƙo ba a yi wa haka, balle Kyaftin. Ubanki ya taɓa cire wa mutum haƙori a kan abin da bai kai wannan ba. Kuma kika yi min ƙarya wai ba za ki fita ba."

"In ba za ka taya ni ɗinki ba, matsa min daga haske."

Ya matsa. Bai tafi ba, bai kuma ɗauki allura ba.

Tunda duk tsibirin ya sani, takarda ma ta sani. Na bi su ne, ba fitila, yadda na ga Baba yana yi. A bayan Tsibirin Akuya suka kashe inji. Na ga Baba ya miƙe tsaye ya nuna ruwa da hannu, Lamar ya leƙa yana gyaɗa kai. Daga nan idona ya rufe. Na ce in an ba shi wurin, to ni zan fara kwashe abin da ke ciki, a gabansu. Na murɗa inji, taru na zuba ta baya, na zagaye su. Lamar ya ta da jirgi zai fita kafin da'irar ta rufe, farfelar injinsa ta naɗe raga, jirgin ya yi wata irin girgiza. Baba kuwa yana tsaye, sai ga shi a cikin ruwa.

Ruwan iya ƙirji ne, amma da sanyi. Lamar ne ya fara tsalle ya faɗa. Ni na fi kusa.

Da na jawo abin da ya rage na tarun, ba komai a ciki sai ciyawa da ƙaguwa. Ba rami a wurin, ba kifi, laka ce kawai. Kenan sun gan ni tun daga kwata, suka ja ni zuwa wurin banza, irin yadda Baba ya saba yi wa masu bin sawunsa. Kifi na ganinka mai jar koma. Ashe ni ma a wurinsa mai bin sawu ce.

Litinin, 21 ga Nuwamba, da rana

Na kai romon kifi. Lamar ya karɓa a bakin ƙofa ya ce barci yake. Daga ciki na ji muryar Baba yana kiran Mama da sunanta, "Ila, Ila, ina takalmana?" Zazzaɓi ne. Zazzaɓi yana sa haka.

An ba shi ɗakin da ke kallon ruwa, da sabon bargo. A gidana tagarsa ramin banda take kallo.

Alhamis, 24 ga Nuwamba, Ranar Godiya, da yamma

Ban so zuwa ba, Odell ne ya zo ya tasa ni gaba. Ya ce in ban je ba zai ɗauke ni a kafaɗa kamar buhun ƙanƙara, duk gari na kallo.

Baba ya rame, amma ya zauna a kan tebur. Aka ce ya yi mana addu'a kamar kowace shekara. Ya gode wa Ubangiji a kan talotalo, a kan ruwa, a kan kifi. Da muka ɗago kai sai ya dubi kujerar da ke gefensa ya ce, "Ba za a jira mahaifiyarku ba?" Zazzaɓin kuwa ya sauka tun shekaranjiya. Ba wanda ya motsa, har sai da Odell ya ce, "Ta ce mu fara, Kyaftin." Baba ya ɗauki cokali.

Na fita bayan gida. Lamar ya biyo ni. Ban san me ya sa bakina ya fara da wannan ba, amma na ce, "To an ba ka. Allah ya sa alheri. Sai ka kai likitocinka su ɗauki hoto."

"An ba ni me?"

"Kar ka raina min hankali, Lamar."

Ya zauna a kan akwatin ƙanƙara ya shafa fuskarsa. Ya ce, "Yaya, ya manta inda Tukunyar take."

Na ce, "Tun yaushe?"

"Tun watan Satumba. Kin tuna ran da na kawo shi gida da yamma na ce miki mun tsaya gyaran inji? Shi kaɗai ya fita zai dubo ta kafin kaka. Ya kasa gano ta, ya kasa gano hanyar gida ma. Ni na tsince shi, mai ya ƙare, yana zaune a tsakiyar jirgi ya riƙe hularsa da hannu biyu. Tun daga nan kullum da safe sai ya ce yau zai tuna. Mu shiga wannan lungu, ya miƙe ya ce nan ne, ya duba, ya koma ya zauna. Gobe kuma wani lungun. Ran Alhamis da ta wuce ma haka ne. Ban ma san kina bayanmu ba."

"Me ya sa ba a faɗa min ba?"

"Sa ni ya yi na rantse. Ya ce sai ya gano ta zai kai ki, ba zai tsaya a gabanki hannu wofi ba. Na ce Baba, ai Yaya ta fi ni sanin ruwan nan, ita za ta taya ka nema. Kin san me ya ce min? Ya ce, 'Shi ya sa. Verna masunciya ce, da ta kalli ruwan za ta san na ɓata. Kai kuwa ko bahon wanka na nuna maka yarda za ka yi.'" Lamar ya yi dariya, ba ta jin daɗi ba. "Wai ke ce ke kishina? Ni direba ne, Yaya. Tun ina yaro ni direba ne, ke ce ke riƙe taru."

Da zai koma ciki ya juyo ya ce, "Na uku kuwa, a'a na zaɓa. Na Baba ma ni na nuna masa inda zai sa hannu."

Na ji kunya, kunyar da ban taɓa jin irinta ba. Gishirin kofi na gani, zancen zaɓe na ji, duk na ba su wani suna don kar in kira su da nasu. Amma ga abin da ba zan iya faɗa wa ko fasto ba. A ƙarƙashin kunyar, kishin yana nan bai je ko'ina ba. Lamar ne ya ga Baba riƙe da hula yana tsoro. Ni da nake yanke masa farce ba a nuna min ba. Ko ɓatan ma a gaban Lamar ya yi shi.

Juma'a, 25 ga Nuwamba, da safe

Babu Tukunya kenan. Tana nan a wani wuri cike da kifi, ba wanda ya sani sai kifin.

Litinin, 28 ga Nuwamba, da yamma

Baba ya dawo gida. Shi ya matsa, wai gadon gidan Lamar ya cika laushi, ba a jin ƙamshin hayaƙi kuma. Wannan maganar na adana ta.

Ina yanke masa farce na ce, "Baba, ka yafe min abin da na yi ran nan a ruwa." Ya ce, "Wane ran nan?" Na ce ran da ya jiƙe. Ya ce ai ruwan sama ne ya dake shi, ya kuma sha gaya min in daina barin taru a rana yana ruɓewa. Na ce to.

Wanda aka yi wa laifin ya manta, saboda haka ba mai yafe min. Haka zan yi ta ɗauke da shi.

Odell ya ɗauki allura yau. Ya ce ɗinkina kamar na mai fushi da zare. Mun gama tarun kafin faɗuwar rana.

Laraba, 30 ga Nuwamba, da yamma

Iskar arewa ta iso. An ga garken kifi a bakin kogi ta kudu, an ce ruwan har baƙi ya yi don kifi. Kowa na loda ƙanƙara. Odell ya ce gobe ce ranar da za mu riƙa ba jikoki labari, in mun sami masu saurare.

Alhamis, 1 ga Disamba, da yamma

Da asuba na ji ana taɓa min ƙafa. Baba ne, sanye da fararen takalmansa da tsohuwar rigar ruwansa. Ya ce, "Tashi. Kar ki kunna fitila. Kar ki ta da Odell."

Na san muryar. Tun ina 'yar shekara tara nake jiran ta.

Na naɗe shi da bargo, na zaunar da shi a kan akwatin kifi a gaba kusa da ni. Muna fita daga kwata na ga fitilun jirage sun yi layi sun nufi kudu, kaf ɗinsu. Ko makaho ya san inda kifi yake yau. Baba ya ɗaga hannu ya nuna arewa. Na tsaya kamar na numfashi biyu ina kallon fitilun nan, sannan na juya kan jirgi arewa.

Bai yi inda-inda ba ko sau ɗaya. Bi nan, kauce wa tudun kawa, rage gudu, shiga ta tsakanin itatuwan can. Har na ce a raina ko dai hanyar ta dawo masa. Gari ya fara wayewa ya ce in kashe inji. Ya miƙe tsaye, na riƙe shi ta ɗamara.

Ya ce, "Nan ne. Nan kakanki ya kawo ni."

Wani ɗan lungu ne da nake wucewa kusan kullum. Na san ƙasansa kamar tafin hannuna. Laka ce shimfiɗe, ruwan ba ya wuce gwiwa in ya ja, ba rami, ba komai. Na kalli ruwan, da na ɗago sai na ga shi ba ruwan yake kallo ba. Fuskata yake kallo, hannunsa ɗaya ya kai kan hularsa.

Na ce, "Lallai Baba, ka iya ɓoyo. Na sha wucewa ta nan ban taɓa lura ba."

Ya sauke hannun. Ya ce, "Ba wanda ke lura. Zuba."

Na zuba, da'ira mai kyau, irin wadda ya koya min. Na bubbuga gefen jirgi da sanda don kifi su firgita su faɗa raga. Ya karɓi sandar ya ce ban iya ba, ya buga da kansa. Muka jawo tare, shi yana riƙe da igiyar sama, ni ina yin sauran. Abin da muka samu bai cika bokiti ba.

Ya duba bokitin ya ce, "Ba su shigo ba tukuna. Sai iska ta kwana biyu."

Na ce, "Haka ne."

"Taki ce yanzu. Ba a faɗa, kin ji? Ba a faɗa wa kowa. Ko Lamar."

Na ce na ji. Sai na juya ina gyara taru, don iskar tana sa ido ruwa.

Da muka dawo kwata ba wurin ɗaure jirgi. Kowa ya cika har baki, ana ta fasa ciki ana fitar da jan ƙwai, mutanen da suka yi makonni ba su yi dariya ba suna ta ihu. Odell ya bi wani jirgin. Ya zo da faɗa a bakinsa, wai na jefar da ranar da ba za ta dawo ba. Ya leƙa bokitin, ya kalli Baba da ke gyangyaɗi a cikin bargo, sai ya haɗiye sauran.

Lamar ne ya kamo hannun Baba ya hau da shi. Ya dawo ya rage murya ya ce, "Yaya, ina ya kai ki?"

Na ce, "Ba a faɗa."

Ya sani sarai ba komai a can, amma na ga maganar ta soke shi. Allah na tuba, ta yi min daɗi har cikin raina.

In iskar ta kwana, gobe can zan koma.